Linzamin Garkuwar Jiki: Me Ya Haɗa Allurar Kansa da Cutar HIV?

A ƙarshen shekarar 2017 wasu likitoci na asibitin Pitié-Salpêtrière da ke Paris, babban birnin Faransa, suka wallafa bayanin wani majiyyacinsu ɗan shekara 51. Mutumin ya daɗe da ƙwayar HIV, yana shan maganinta, sai ga kansar huhu. Suka sa shi a kan wata allura mai suna nivolumab don yaƙar kansar. Da suka riƙa auna jininsa, sai suka ga ƙwayar HIV ɗin da ke laɓe cikin ƙwayoyin jininsa ta ragu sosai a 'yan watanni. Majiyyaci ɗaya ne tak, kuma su waɗannan likitocin sun riga sun ba da labarin wani da aka yi wa allurar ba a ga irin wannan ragin ba. Kanun labarai ba su tsaya kan wannan ba. Aka yi ta yayata cewa maganin kansa na iya warkar da cuta mai karya garkuwar jiki, kuma har yau maganar kan dawo da sabon salo duk lokacin da wani sakamakon bincike ya fito.

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa take rikita mutane. Allurai irin nivolumab ba su taɓa ƙwayar cuta kai tsaye, ba su taɓa kansa kai tsaye. Aikinsu kwance wa garkuwar jiki linzami. Jikin mai HIV kuwa yana fama da matsala biyu da kamar ba za su zauna inuwa ɗaya ba: sojojinsa sun gaji tiɓis, amma rundunar ta ƙi kwanciya, kullum cikin shirin yaƙi take har tana ɓarna a gida. Wanda ya kwance linzami a irin wannan jiki, gyara ya yi ko fetur ya ƙara wa wuta? Kusan shekara 20 ke nan masana na bin wannan tambaya.

Su wane ne sojojin, mene ne linzamin?

Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai rukunin da ake kira ƙwayoyin T, kuma iri biyu ne suka shafe mu a nan. Na farko CD4, sunan da duk mai zuwa asibiti karɓar magani ya sani, domin da shi ake auna ƙarfin garkuwa. Su ke ba da umarni, su ke tayar da sauran. Lafiyayyen mutum kan nuna tsakanin 500 zuwa 1,500 a gwaji, in adadin ya faɗo ƙasa da 200 cutar ta yi nisa. Su ne kuma HIV ke shiga ta hayayyafa a cikinsu. Na biyu CD8, makasa: suna bin ƙwayoyin jiki suna dubawa, duk wadda suka ga alamar bairos ko kansa a jikinta su hallaka ta.

Rundunar da ke da ikon kashe 'yan gida ba a barin ta sakaka. A jikin ƙwayoyin T akwai wasu furotin da aikinsu shi ne su ce "ya isa haka". Fitattu a cikinsu PD-1 da CTLA-4. Masana na kiran su shingayen binciken garkuwa, kamar shingen da jami'an tsaro kan kafa a hanya, amma linzami ya fi kama da yadda suke aiki: a bakin doki yake, wani ne ke ja. PD-1 yana jikin ƙwayar T, abokin haɗinsa PD-L1 yana jikin wasu ƙwayoyin. Da sun haɗu sai ƙwayar T ta lafa.

Ɗakin binciken Tasuku Honjo na Jami'ar Kyoto a Japan ne ya gano PD-1 a 1992. Amfanin linzamin ya fito fili da aka samar da ɓerayen da ba su da shi: garkuwarsu ta afka wa gaɓoɓinsu da ƙoda da zuciya. Waɗanda ba su da CTLA-4 kuwa ko wata guda ba su cikawa a duniya. A 1996 James Allison a Amurka ya nuna cewa in aka toshe CTLA-4 a ɓera mai kansa, garkuwarsa kan cinye kansar. Daga baya aka fahimci cewa kansa da yawa kan lulluɓe kanta da PD-L1, ta riƙe linzamin sojojin da aka turo su kashe ta. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ipilimumab mai toshe CTLA-4 a 2011, sannan pembrolizumab da nivolumab masu toshe PD-1 a 2014. Allison da Honjo suka raba kyautar Nobel a 2018.

Yadda soja ke gajiya

A cutar da jiki ke gamawa da ita cikin mako ɗaya ko biyu, kamar mura, PD-1 kan fito lokacin yaƙi, in ƙura ta lafa ya sauka. Idan kuwa cuta ta zauna daram, ƙwayar T tana ganin abokin gaba safe da yamma shekara da shekaru, sai linzamin ya ƙi sauka. Ƙwayar na nan da ranta, amma ta rage hayayyafa, ta rage fitar da sinadaran faɗa, kisanta ya yi rauni. Wannan ake kira gajiyar ƙwayoyin T.

A 2006 Daniel Barber, wanda ke aiki a ɗakin binciken Rafi Ahmed na Jami'ar Emory a birnin Atlanta, ya nuna a ɓeraye masu wata daɗaɗɗiyar cutar bairos cewa in aka toshe hanyar PD-1, gajiyayyun ƙwayoyin na farfaɗowa, bairos ɗin ya ragu. Kafin shekarar ta ƙare ƙungiyoyin bincike uku sun ga wannan gajiya a masu HIV. Ɗaya daga ciki, ƙarƙashin Bruce Walker, ta duba mutum 71 a lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu waɗanda ba su fara magani ba. Gwargwadon yawan PD-1 a jikin CD8 ɗinsu, gwargwadon yawan ƙwayar cuta a jininsu da ƙarancin CD4. Da aka ɗebi ƙwayoyin aka toshe hanyar PD-1 a kwalabar gwaji, sai suka sake motsi. Daga nan fata ya taso cewa za a iya mayar wa mai HIV da sojojinsa.

Garkuwar da ta ƙi barci

Sunan cutar da Hausa, mai karya garkuwar jiki, rabin labarin ya faɗa. Tun a shekarun 1990 Janis Giorgi ta Jami'ar California a Los Angeles ta lura da wata alama mai suna CD38 da ke nuna ƙwayar CD8 a tashe take. Majiyyatan da wannan alama ta yi yawa a jininsu su cutar ta fi saurin kayarwa, har wani lokaci alamar ta fi adadin ƙwayar cutar kanta iya nuna wanda zai faɗi. Garkuwar da ke tashe dare da rana cin kanta take yi. Ƙwayoyinta na rabuwa suna mutuwa da wuri. Ƙullutun nan da kan kumbura su zama kaluluwa, inda ake renon sababbin sojoji, suna cika da tabo. Sannan CD4 ɗin da aka tayar shi ne abincin da HIV ta fi so. Ita gajiyar da aka yi bayani a sama ma 'yar wannan hali ce, domin tashin da ba hutu ne ke haifar da ita.

Me ke hana rundunar kwanciya? Amsa mafi ƙarfi daga hanji ta fito. Kaso mai yawa na ƙwayoyin CD4 a bangon hanji suke zaune, suna gadin iyaka tsakanin jini da biliyoyin bakteriyar da ke cikin ciki. A 1998 Ronald Veazey da Andrew Lackner suka nuna a birai cewa ƙwayar cutar na share waɗannan CD4 cikin makonnin farko na kamuwa, aka kuma tabbatar da haka a mutane a 2004. Wannan na faruwa tun mutum bai san ya kamu ba, tun gwajin CD4 na jini bai nuna girman ɓarnar ba. Cikin waɗanda ake asara akwai wani iri mai suna Th17 da ke kula da lafiyar bangon hanjin kansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2006 Jason Brenchley da Daniel Douek na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa a Amurka suka sami ɓurɓushin bakteriyar hanji, musamman wani sinadari mai suna LPS, yana yawo a jinin masu HIV, kuma yawansa na tafiya tare da tashin garkuwa. Jiki na jin ƙararrawar an shigo, alhali mai shigowar ba ya ƙarewa. Ba hanji kaɗai ba ne: ita HIV ɗin da kanta, da wani bairos mai suna CMV da yawancin mutane ke ɗauke da shi ba su sani ba, da ciwon hanta na B da C, da tarin fuka, da shan taba, duk suna ƙara itace a wutar.

Birai ne suka ba da hujjar da ta fi gamsarwa. HIV tana da 'yar uwa a jikin birai, ana kiran ta SIV. HIV-1 daga biran chimpanzee na kudu maso gabashin Kamaru ta tsallako, HIV-2 kuwa, wadda aka fi sani a Afirka ta Yamma, daga wani biri mai launin toka da ake kira mangabe. Shi wannan mangabe, da koren birin Afirka, suna rayuwa da SIV cunkus a jininsu, amma galibi ba ta kayar da su. A makonnin farko garkuwarsu kan tashi sosai, ta fitar da sinadarin ƙararrawa mai suna intaferon. Bayan 'yan makonni sai ta lafa, ko da yake bairos ɗin na nan. Bangon hanjinsu ba ya tsagewa. Birin rhesus na Asiya kuwa, wanda jinsinsa bai saba da SIV ba, in aka sa masa ita ƙararrawarsa ba ta mutuwa, ya rame, cututtuka su taso masa, ya mutu kamar mutumin da bai samu magani ba. Bairos mai yawa a jikin duka biyun, bambancin a martanin jiki yake.

Maganin da ake sha kullum yana kwantar da wannan tashin sosai, sai dai sau da yawa ba ya mayar da shi daidai da na wanda bai kamu ba, musamman in an makara wajen farawa. Gwajin SMART, mai mutum 5,472 a ƙasashe 33, an yi shi ne don a ga ko za a iya ba majiyyata hutu daga magani in CD4 ɗinsu ya yi kyau. An tsayar da shi a farkon 2006, domin masu hutun sun fi mutuwa, kuma da yawa ba cututtukan da aka saba dangantawa da HIV ne suka kashe su ba. An ga ƙarin ciwon zuciya da na hanta da na ƙoda. Da aka koma kan jinin da aka adana, waɗanda alamun kumburi da daskarewar jini suka yi yawa a jikinsu su ne suka fi mutuwa.

Abin da biran Atlanta suka nuna

A nan ne gizo ke saƙa. In PD-1 linzami ne da jiki ya sa wa rundunar da ta ƙi kwanciya, hankali zai ce kwance shi zai ƙara ɓarna. Kuma an ga haka da ido. A 2008 ƙungiyar Genoveffa Franchini ta toshe CTLA-4 a birai masu SIV, sai tashin ƙwayoyin T ya ƙaru, bairos ya ƙara hayayyafa a hanji.

Shekara ɗaya bayan haka ɗakin binciken Rama Rao Amara na cibiyar birai ta Yerkes a Jami'ar Emory ya fitar da sakamakon da ya sha bamban. Birai tara masu SIV, ba a kan maganin rage kaifin cuta suke ba, aka yi musu allurar toshe PD-1 sau huɗu cikin kwana 10. Wasu biyar aka yi musu allurar da ba ta taɓa PD-1. Ƙwayoyin CD8 masu farautar SIV suka ƙaru, suka ƙara kaifi, sinadaran kariya da ke kama bairos suka hau, yawan bairos a jini ya sauka na wani lokaci. Bayan wata biyar duka taran na raye, huɗu cikin biyar ɗin can sun mutu.

Raguwar bairos ɗin ba ta kai ta bayyana wannan tsawon rai ba, don haka suka sake komawa kan samfuran. Abin da suka wallafa a 2012 ya ba mutane mamaki. A biran da aka kwance wa linzami, ƙararrawar intaferon ta lafa a jini da kuma babban hanji, har a waɗanda bairos ke nan da yawa a jikinsu. Ƙwayoyin gadon da ke ɗinke bangon hanji sun ƙara aiki. LPS ya ragu a jini. Garkuwar biran ta ƙara ƙarfi a kan bakteriyar hanji masu sa zawo, cututtukan da kan taso wa mai raunin garkuwa suka yi sauƙi. Fassarar da masu binciken suka yi ita ce, gajiyar ba ta tsaya kan sojojin da ke yaƙar SIV ba, ta shafi har masu gadin hanji. Da aka farfaɗo da su sai suka toshe ɓarakar, abin da ke tayar da rundunar ya ragu, jiki ya samu sauƙi.

Sakamako ne mai nauyi, amma a san iyakarsa. Birai ne ƙalilan, allurar ta 'yan kwanaki ce, kuma ba su shan magani. Mutumin da ke shan maganinsa har ƙwayar cuta ta daina fitowa a gwaji yanayinsa dabam ne. Tarihin wannan fanni ma ya koya wa likitoci taka-tsantsan. An taɓa sa sama da mutum 5,000 a gwaje-gwaje biyu na sinadarin IL-2, wanda ke ƙara yawan CD4. Sakamakon da ya fito a 2009 ya nuna CD4 ya hau, amma ciwo da mutuwa ba su ragu ba. Wani magani mai suna sevelamer ya kama LPS a hanjin birai, da aka gwada shi a mutane bai yi ba. A 2014 kuma aka toshe intaferon a farkon kamuwar birai da SIV, da tunanin rage ƙararrawar, sai cutar ta ƙara saurin kashe su. Sinadari ɗaya kan zama kariya a makon farko, ya zama ɓarna a shekara ta biyar.

Maɓoya

Akwai dalili na biyu da ya sa masu neman waraka ke sa ido kan PD-1. HIV kan cusa kanta cikin ƙwayar gadon CD4. In wannan CD4 ya koma hutawa, ita ma sai ta yi likimo a cikinsa, magani ba ya kai gare ta, CD8 ba ya ganin ta. An gano wannan maɓoya a 1997. Lissafin ɗakin binciken Robert Siliciano na Jami'ar Johns Hopkins ya nuna sai bayan wata 44 take raguwa da rabi, wato magani kaɗai zai buƙaci sama da shekara 60 kafin ya ga bayanta. Shi ya sa yawancin waɗanda suka ajiye magani ƙwayar ke dawo musu cikin 'yan makonni.

A 2009 Nicolas Chomont da abokan aikinsa suka ga cewa CD4 masu yawan PD-1 sun fi ɗauke da ɓoyayyiyar ƙwayar. Linzamin da ke kwantar da ƙwayar T yana taimaka wa bairos ɗin da ke cikinta ya ci gaba da likimo. Sai tunani ya zo: allura ɗaya za ta iya aiki biyu, kamar mafarauci da ke tura hayaƙi a ramin gafiya ya kuma ajiye karnuka a bakin rami. A tayar da bairos ya fito, a kuma farfaɗo da CD8 su kama shi.

Hayaƙin ya yi aiki, karnukan ne suka gaza. A 2020 ƙungiyar Mirko Paiardini a Emory ta toshe PD-1 da CTLA-4 tare a birai masu shan magani. Bairos ya motsa, maɓoyar ta ɗan ragu a wasu ƙwayoyin, amma da aka tsayar da magani cutar ta dawo. A 2022 Thomas Uldrick da Sharon Lewin suka ba da rahoton masu HIV da kansa 32 da aka yi wa pembrolizumab: ɓoyayyiyar ƙwayar ta ɗan motsa bayan allurar farko, amma ba a ga maɓoyar ta rushe ba.

Gwajin mutane da rabuwar kan masana

Dole a raba majiyyata gida biyu, domin ma'aunin haɗari ba ɗaya ba ne.

Ga mai HIV da kansa ta kama, labarin mai daɗi ne. Da can ana cire su daga gwajin sababbin magungunan kansa saboda tsoron abin da zai biyo baya. Gwajin Uldrick na farko, mai mutum 30, wanda ya fito a 2019, ya nuna illolin pembrolizumab a jikinsu sun yi kama da na sauran masu kansa, HIV ɗinsu ba ta kubce wa magani ba, wasu kuma kansarsu ta ja baya, har da ta Kaposi mai fitowa a fata. Mutum ɗaya ya rasu sakamakon wata cuta mai alaƙa da bairos ɗin da ke haddasa Kaposi. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta ba kamfanoni shawarar su daina cire masu HIV daga irin waɗannan gwaje-gwaje.

Ga wanda ba shi da kansa, yana shan ƙwayarsa ɗaya a rana yana harkokinsa, lissafin ya canza. Garkuwar da aka kwance kan juyo kan mai ita: kumburin hanji, ko huhu, ko hanta, ko ƙullun wuya da kan zama maƙoƙo, wani lokaci har ciwon suga da ba ya warkewa. Gwaji na farko a Amurka, wanda aka wallafa a 2017, mutum takwas kawai ya ɗauka, shida suka samu ɗan ƙaramin awo na maganin toshe PD-L1. Biyu cikinsu CD8 ɗinsu ya ƙara ƙarfi a kan HIV. Aka tsayar da gwajin saboda an ga illa a idon dabbobin gwaji, daga baya kuma ɗaya daga cikin mutanen ya samu matsala a ƙullun da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai sarrafa sinadaran jiki. Gwaji na biyu, da cemiplimab mai toshe PD-1, mutum biyar ya ɗauka aka rufe shi: cikin huɗun da suka samu maganin, ɗaya ƙullun wuyansa ya kumbura, ɗaya hantarsa.

A nan masana suka rabu. Ɓangare ɗaya na cewa mai shan magani da wuri a yau tsawon ransa ya kusa da na kowa, don haka ba a jefa shi cikin haɗarin ciwon da zai zauna masa har abada, kar garin neman gira a rasa ido. Ɗaya ɓangaren na cewa awon da ake ba masu kansa ya yi wa wannan aiki yawa, kuma shan magani har ƙarshen rai shi ma nauyi ne, ga tsangwama, ga dogaro da tallafin da kan iya yankewa, kamar yadda aka gani a 2025 lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da wani ɓangare na agajinta. Su suna gwada awo ɗan kaɗan na gajeren lokaci. Kamfanin AbbVie ya yi haka da maganinsa budigalimab mai toshe PD-1, aka tsayar wa masu sa kai da maganin HIV ƙarƙashin kulawar likitoci. Wasu ƙwayar ta jinkirta dawowa ko ta tsaya ƙasa-ƙasa, biyu suka haura shekara ba su koma kan magani ba. Gwajin matakin farko ne, na mutane kaɗan, kuma sauran sun koma kan maganinsu. Dukan ɓangarorin biyu sun yarda cewa in ma allurar za ta yi amfani, sai an haɗa ta da wani abu, kamar rigakafin da zai koya wa CD8 inda za su nufa.

Tarin fuka

Akwai wani haɗari da ya fi shafar Afirka. Ɓeran da ba shi da PD-1, in tarin fuka ya kama shi, da wuri yake mutuwa, domin garkuwarsa ce ke ragargaza huhunsa. Shi Daniel Barber ɗin nan da ya buɗe fagen a 2006 yana cikin waɗanda suka nuna haka, kuma a 2021 ɗakin bincikensa ya ga toshe PD-1 ya ƙara tsananta tarin fuka a biran rhesus. An kuma samu masu kansa da tarin ya taso musu bayan allurar. Tarin fuka shi ne kan gaba wajen kashe masu HIV a duniya, Najeriya na cikin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa masu nauyinsa, kuma mutane da yawa na ɗauke da shi a kwance ba su sani ba. Gwajin da aka yi a Paris ko Atlanta ba zai amsa wa Kano ko Maraɗi wannan tambaya ba.

Abin da ya shafi majiyyaci da iyalinsa

Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya ƙiyasta masu HIV a Najeriya sun kai miliyan 1.9, kuma a cikin 'yan shekara 15 zuwa 49 kashi 1.4 cikin ɗari ne ke da ita. Babu wata hukumar magunguna da ta amince a yi amfani da waɗannan allurai don HIV. Wanda ya ce yana sayar da su don waraka, ko ya ce a ajiye magani saboda su, ƙarya yake. 'Yan ƙalilan ɗin da suka warke, irin su Timothy Ray Brown da aka yi wa magani a Berlin, dashen ɓargo aka yi musu saboda kansar jini, aikin da shi kansa kan kashe.

Wanda allurar za ta amfana yau shi ne mai HIV da kansa, kuma ba su da kaɗan: mace mai HIV ta ninka wadda ba ta da ita kusan sau shida wajen haɗarin kansar bakin mahaifa. HIV ɗin da magani ya danne ba dalili ba ne na hana shi wannan allura in likitan kansa ya ga ta dace, bayan an duba shi ko yana da tarin fuka ko ciwon hanta. Katangar ita ce kuɗi. A Amurka farashin pembrolizumab na allura ɗaya ya haura dala 10,000, kuma kowane mako uku ake yi.

Binciken ya kuma shafi kasuwar magungunan da ake tallatawa da sunan ƙara ƙarfin garkuwa, a kwalba ko a ƙulli. Garkuwar mai HIV a tashe take fiye da kima, kuma gwajin IL-2 ya nuna ko hawan CD4 kansa ba shi ne lafiya ba in ba a danne ƙwayar cutar ba. Wasu haɗe-haɗen ma kan rage ƙarfin maganin asibiti ko su wahalar da hanta da ƙoda.

Abubuwan da aka tabbatar suna rage ɓarnar wannan tashin garkuwa ba su da tsada irin ta allurar. Gwajin START da aka yi a ƙasashe da dama, da na TEMPRANO da aka yi a Kwaddebuwa, waɗanda suka fito a 2015, sun nuna fara magani da wuri, tun CD4 bai faɗi ba, yana rage manyan cututtuka, shi ya sa a shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara wa duk wanda gwaji ya nuna yana da HIV. TEMPRANO ya kuma nuna amfanin shan maganin rigakafin tarin fuka na wata shida. Septrin ɗin da ake ba majiyyata, ban da kariya daga cututtuka, an ga yana rage alamun kumburi a jinin yara masu HIV a Uganda da Zimbabwe. A 2023 kuma gwajin REPRIEVE, mai mutum 7,769 'yan shekara 40 zuwa 75 a nahiyoyi da dama har da Afirka, ya nuna ƙwayar pitavastatin ɗaya a rana, daga dangin magungunan rage kitsen jini, ta rage manyan matsalolin zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, ragin da ya wuce abin da saukar kitsen kaɗai zai bayar. Mai HIV da ya haura 40 yana da hujjar tambayar likitansa a kan wannan ƙwaya a zuwansa asibiti na gaba.